Layi na Sha Bakwai, Ƙulli na Tara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana arba'in ke nan da Kawu ya amsa kiran Ubangijinsa, amma har yanzu in na biyo ta Ƙofar Marke sai in ji ƙafata ta rage sauri a bakin zaurensa, ina jiran in ji tarinsa.

A kwana ukun zaman makoki gidan bai taɓa yin sarari ba. Mu mata muna ciki, amma abin da ake faɗa a ƙofar gida ba ya wuce mu. 'Yan uwa daga ƙauye sun zo da dammunan gero, suna cewa yanzu ba su san wanda zai riƙa tsare su da tambayar yadda damina ta yi ba. Mahautan da yake sayen nama a wurinsu sun zo ayari guda. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ke lallashin kwamfuta kamar mai lallashin jakin da ya ƙi tafiya ba sai Kawu, aka yi dariya kaɗan, shi kuma ya share ido da hannun riga.

A rana ta uku sai ga masu haƙa kabari na makabartar unguwarmu, su bakwai, kowa da wankakkiyar riga. Mutanen da kullum a cikin ƙasa ake ganinsu, yau ga su a kan tabarma. Shugabansu, dattijon da kowa ke kira Baba mai makabarta, ya nemi izini ya shigo har tsakar gida ya yi wa mahaifiyata gaisuwa. Da ya gama sai ya ce, "Ina ɗiyad da tab ba mu lissahi? Ina son in gan ta da idona." Ina zaune a bayan Inna, amma na ja mayafi na rufe fuska, na kasa amsawa. Dalilin da ya hana ni amsawa shi ne ya sa nake wannan rubutu.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifina. Ɗan manoma ne da boko ya ja shi birni. Ya shiga wani ofishin gwamnati a matsayin mai buga tafireta, kuma ranar da aka kawo kwamfuta ta farko ofishin, kowa ya ja da baya, shi ya matsa kusa. Ya koyi rubuta manhaja daga wani littafi mai kauri da bangonsa ya ɓace tun kafin a haife ni. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar kwamfuta irin ta zamaninsa, mai baƙin allo da koren rubutu, ya ajiye ta a ɗakin zaure, ya sa aka ɗinka mata riga da ragowar shadda.

Mutum ne mai tsarin da har yakan ba mutane haushi. Komai na ɗakinsa ya kasa shi biyu, na kusa da na nesa. Tabarau, tasbaha, buta da rediyo suna inda hannunsa zai kai ba tare da ya tashi ba. Abin da sai mako-mako ake nema yana kan kanta. Abin shekara yana cikin adaka. In na ɗauki almakashinsa na mayar inda ba nan yake ba, ba ya faɗa, sai dai ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, kin kai min almakashi wani gari. Je ki ɗauko shi, na biya miki mota." Inna takan ce tun suna yara haka yake, ko fartanya ba ya jinginawa sai ya auna taku nawa ne daga ƙofa.

Aikin da ya cinye ragowar rayuwarsa ya faro ne wata damina, a jana'izar wani amininsa. A makabartarmu ba a yi wa kabari gini. Alamarsa fasasshiyar tukunya ce, ko guntun ƙarfe, ko reshe, kuma ruwan shekara biyu ya isa ya tafi da su. Ranar nan masu haƙa sun yi nisa sai diga ta taɓa likkafanin da bai gama cinyewa ba. Aka mayar da ƙasa da sauri, aka koma gefe, kowa ya yi kamar bai gani ba. Kawu ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Washegari ya koma makabarta da littafi da alƙalami da doguwar igiya.

Shi da Baba mai makabarta, wanda a lokacin yake da ƙarfinsa, suka ƙuƙƙulla igiyar, tsakanin ƙulli da ƙulli faɗin kabari ɗaya. Suka raba makabartar shiyya-shiyya, kowace shiyya aka kafa mata turken ƙarfe a kusurwa. Daga nan kowane mamaci ya sami adireshi: turke kaza, layi kaza, ƙulli kaza. Suka bi tsofaffi suna tambaya wa ke kwance a ina, abin da aka tabbatar aka rubuta, wanda ake shakka aka yi masa alamar kada a taɓa. Duk wanda aka binne bayan haka, Baba yakan aiko da takarda da yamma, Kawu ya shigar a kwamfuta.

Ina 'yar sakandare na tambaye shi me ya sa shiyyoyin ba su fi haka girma ba, tunda ga fili. Ya ji daɗin tambayar har ya kashe rediyo. Ya ce ma'ajin wannan na'ura ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki kilobayit sittin da huɗu, ba ya ƙaruwa. In abin da take nema yana cikin ɗakin da take, ɗan gajeren adireshi ya ishe ta. In yana wani ɗaki, sai ta ambaci ɗakin tukuna sannan ta ambaci wurin, kuma kowace ambata lokaci ce. "In kina Ƙohwar Marke," ya ce, "cewa za ki yi gida na ukku daga masallaci, a gane. In kina Kano hwa? Sai kin ce Sakkwato tukun." Saboda haka ya yanka makabartar daidai girman ɗakunan na'urar, kowace shiyya ta shige ɗaki ɗaya cif. Ya kuma jera matattun a cikin ma'ajin yadda suke kwance a ƙasa, maƙwabci kusa da maƙwabci, kowa da wuri daidai da na ɗan uwansa. Don haka na'urar ba ta nema, lissafi take yi: layi sau faɗi, a tara da ƙulli, ta faɗa kan mutum.

Shi ya sa na karanta ilimin kwamfuta. Ranar da aka ba ni gurbi a jami'a ya yanka zakara, ya ce ya sami wanda zai riƙa yi wa surutu a gane. Kuma haka aka yi. Duk hutu a ɗakin zaure nake yini. A nan ya faɗa min maganar da na haddace amma ban fahimta ba sai da na sha kunya. Ya ce ƙwaƙwalwar na'ura mai girki ce mai saurin hannu, ma'aji kuma rumbu ne a bayan gida. Mai girki in ta je rumbu ba ƙwaya ɗaya take ɗaukowa ba, ƙwarya take cikowa ta ajiye a gindin murhu. In abin da za ta buƙata na gaba yana cikin ƙwaryar, aiki ya tafi. In ba ya ciki, sai ta sake tashi. "Na'urorinku na yau sun hi tawa sauri nesa ba kusa ba," ya ce, "amma rumbun bai matso ba. Ki kula da abin da kika zuba kusa da juna."

Na gama karatu, na sami aiki, na yi aure na koma Unguwar Rogo, kaina kuma ya kumbura daidai gwargwado. Na ga ai abin kunya ne a ce matattun unguwa guda suna hannun na'urar da ta girme ni. Na karɓi kwafin bayanan a wurin Kawu, na yi wata uku ina gina manhajar waya, don Baba mai makabarta ya riƙa dubawa da kansa a bakin kabari. Na ƙawata ta iya ƙawa. Kowane mamaci na yi masa ƙunshi nasa, da suna, da hoton wurin, da lambar wayar magada, wayar kuma ta jefa kowane ƙunshi inda ta sami sarari. Sannan na jera su bisa haruffan suna, yadda aka saba a ofis. A babbar kwamfutata ta wurin aiki komai yana tafiya kamar ruwa.

Ranar gwaji muka haɗu a zauren Kawu, ni da shi da Baba. Na sa manhajar a 'yar wayar Baba, mai tsagaggen gilashi da ƙaramin ma'aji. Na ce ya faɗi sunan wanda yake nema. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mu ba mu biɗan suna. Rabin mutanen da ag ga ƙasan nan Muhammadu na, sauran rabin Abubakar. Mu abin da muka tambaya shi na, wa ak kusa da wa, kuma ina ad da wuri." Ya ce in duba masa turke na biyu, layi na biyar, ko akwai sarari.

Na danna. 'Yar da'irar nan ta fara juyawa. Don ta gano mutanen layi ɗaya, sai wayar ta bi kowa da kowa a makabartar, ta kwance ƙunshinsa, ta duba, ta ɗaure, ta tafi neman na gaba a wani lungu na ma'aji. Maƙwabta biyu da kafaɗarsu ke gugar juna a ƙasa, ni na raba su nisan gari da gari saboda sunansu bai fara da harafi ɗaya ba. Wayar ta yi zafi a tafin hannuna. Kawu ya cire wa na'urarsa riga, ya kunna, ya jira ta gama tarinta na tsufa, ya buga lambobi biyu, amsa ta fito. Tawa tana nan tana juyi. Can sai allon ya yi fari, manhajar ta rufe kanta.

Kawu bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi a hankali, "Kin zuba geronki rumbu dubu, kowane rumbu ƙwaya guda. Mai girkin ta gaji." A gaban Baba ya faɗa. Ni kuwa bakina ya daɗe da fin ƙarfina. Na ce, "Kawu, laifin wayar ne, ba nawa ba. Kuma wannan dabarar taku ta zamanin yunwa ce, lokacin da ake ƙirga ma'aji kamar tsaba. Zamaninku ya wuce. Na'urar nan gidan tarihi ya kamata a kai ta."

Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Kawu ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya kashe na'urarsa, ya mayar mata da rigarta, ya gyara kusurwoyin. Ya ce, "To, Allah shi yi miki albarka."

Ba mu yi gaba ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Ina zuwa gaisuwa duk Juma'a, in durƙusa, ya tambayi maigidana da yara, in tambayi ƙafarsa. Amma maganar kwamfuta ta mutu a tsakaninmu, ita ce kuwa maganar da muke da ita wadda ba kowa a ciki. Shekara biyu muna gaisuwa kamar surukai. Sai dai duk ƙarshen wata Inna takan miƙo min ɗan filashin kwamfuta a ƙulle cikin leda, ta ce, "Kawunki ya ce ki aje, wai kada wuta ta ci nashi." Sababbin matattun watan ne a ciki. Ban taɓa aika masa da godiya ba, shi kuma bai taɓa fashi ba.

Abin da bai sani ba shi ne, tun a watan farko na sayi waya irin ta Baba a hannun masu gyara, na zauna na gwada, na ga ba laifin wayar ba ne. Na rushe aikina gaba ɗaya. Na fitar da hotuna da lambobin magada na kai su gefe, sai an nema a ɗauko. Na mayar da matattu layi-layi yadda suke kwance, kowa da wuri daidai da na maƙwabcinsa, turke da layi da ƙulli. Tsarin Kawu ne tsaf, na dai sa masa sabuwar riga. A wannan 'yar wayar, kafin in ɗaga yatsa amsa ta fito. Na yi murna ni kaɗai a ɗaki, na ce gobe zan kai masa. Da goben ta zo sai na ga ai kai masa daidai yake da cewa na yi kuskure. Na ce sai na ƙara gyara. Na ce sai da azumi. Na ce sai da Sallah, in an taru ana raha, maganar za ta fi sauƙin fita. Sallah huɗu suka wuce wayar tana cikin jakata, duk wata ina zuba mata abin da ya aiko. Girman kai ne kawai, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Kawu ya yi jinyar kwana tara. Ya cika ranar wata Talata da hantsi, Inna na riƙe da hannunsa, ni ina hanya. Aka sa jana'iza bayan azahar, don zafin garin nan ba ya jiran kowa.

Wasiyyarsa ɗaya ce, kuma duk gidan an san ta: in da hali, a sa shi kusa da mahaifiyarsa. Kakarmu ta rasu tun ina goye, tana tsohuwar shiyyar da ta daɗe da cika. Kawu ya sha faɗa cewa akwai wuri guda a gefenta da ba a taɓa haƙawa ba, saboda a da wani itacen gawo ne a wurin, daga baya iska ta kayar da shi. Amma wane wuri ne a cikin wannan fili da ba tukunya ba reshe, na'urarsa kaɗai ta sani. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya shiga ɗakin zaure ya cire mata riga ya danna. Ko motsi. Ashe a makon jinyar an kawo wuta mai ƙarfi ta ƙone ta, ba wanda ya lura.

Baba mai makabarta ya aiko cewa shi ba zai sa diga a tsohuwar shiyya da ka ba, ya rantse tun ranar likkafanin nan. Yaya ya shigo tsakar gida ido jawur ya ce wa Inna, "Ƙasa dut ta Allah ta. In sha biyu ta yi ba a gane wurin ba, a gina mai can sabon wuri. Ba mu aje shi shina jira." Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya musa. Inna kuwa sai hawaye. Na duba agogo, saura minti ashirin.

Na jawo jakata na fito da wayar na buɗe ta. Na kira maigidana, wanda yake can makabarta tare da masu haƙa, na ce ya ba Baba. Na ce, "Baba, ni ce ɗiyar Malam. Kakata tana turke na ɗaya, ko?" Ya ce, "Nan ta, amma layin na ban riƙe ba." Na danna turke na ɗaya. Shiyyar gaba ɗaya ta shimfiɗu a gabana tun bai rufe baki ba, layi bayan layi, kowa a cike. Na ja yatsa ƙasa. A layi na sha bakwai na ga sunan kakata a ƙulli na takwas. Ƙulli na tara babu suna, sai kalma ɗaya da Kawu ya rubuta da hannunsa shekaru da yawa da suka wuce: gawo.

Na ce, "Layi na sha bakwai, ƙulli na tara." Ya sa na maimaita. Na ji yana kiran a kawo igiya, na ji ana ƙirgawa da ƙarfi, sannan wayar ta katse.

Mu mata ba ma zuwa makabarta, don haka abin da ya biyo baya jira ne. Na zauna a gindin turmi da wayar a cinya. In na yi kuskure wajen kwashe bayanan, ko da ƙulli ɗaya ne, to a ranar jana'izar mutumin da ya ba da shekarunsa don kada a tone kowa, ni zan sa a tone wani, wataƙila ma uwar da ta haife shi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rabin sa'a ba.

Sai wayar ta yi ƙara. Muryar Baba ce, yana haki. Ya ce, "Ƙasa sabuwa ta, ba a taɓa ta ba. Ga sayyun gawon nan muna sara." Sannan ya ce, "Ashe na'urar Malam ta tashi?"

Na ce, "A'a Baba, ba ta tashi ba. Ta waya ce."

Ya ce, "Wagga da tay yi zahi rannan? To wanga saurin na Malam na. Ya gani kuwa?"

Ban ba shi amsa ba a waya, kuma ban ba shi ba ranar da ya shigo tsakar gida yana nemana. Amsar ita ce bai gani ba. Shekara biyu ina ɗauke da wayar a jaka, ina durƙusawa a gabansa duk Juma'a, tsakanin hannunsa da jakar bai kai taku ɗaya ba.

Bayan sadakar bakwai na kai wa Baba manhajar na sa masa a wayarsa, kuma yanzu ni yake aiko wa da takardar yamma. Takardar farko da ya aiko suna ɗaya ne a cikinta. Na buɗe turke na ɗaya, na gangara layi na sha bakwai, na goge kalmar gawo, na rubuta sunan Kawu.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna kamar yadda ya kwanta a gefenta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi masa addu'a, ni kuma ya roƙa min gafara.